Lallen Kai a Wani Shagon Kitso na Bukoki

A Yamai wasu masu kitso busasshen kai suke laftawa lalle. Wata mai kitso a unguwar Bukoki ba haka take yi ba, shi ya sa nake komawa wurinta.

Da fari ta wanke mini kai da sabulu har man kaɗanyar da na shafa ya fita tas, don maiƙo yana hana lalle kama gashi. Sai ta tsane shi da tawul, ya rage ɗan danshi kawai. Na ce, "Yaya, ba za a bari ya bushe ba?" Ta ce busasshen gashi irin namu shanye ruwan kwaɓin yake yi, lallen ya dunƙule a sama, ƙasa ba ta samu ba. In kuma yana ɗiga, kwaɓin ya tsinke ya gangaro wuya. Gaskiyarta. Da ɗanshin nan, tsaga bayan tsaga, yatsunta suka kai lallen har gindin furfurar da ke goshina.

Tun da safe ta kwaɓa lallen da lemun tsami, garin kore shar, ba baƙin nan mai sinadarin PPD da ke ƙona fata ba. Ta ɗaure mini leda, na zauna awa uku.

Furfurar ta fito jawur, kwana biyu ta daɗa duhu. Jikka biyu na biya. Abin da ban so ba: fanka ɗaya ce a shagon, kuma kujerar wankin kai tana gajiyar da wuya.