Tikitin shiga Kolosiyum a Roma: wanne za ka saya, wanne za ka guje wa

Duk wanda ya samu bizar Italiya ya sauka Roma, abu na farko da zai so gani shi ne Kolosiyum, wannan katafaren filin da sarki Titus ya buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, inda mutum wajen dubu 50 suke zama suna kallon faɗan mutane da namun daji. To amma shiga ce matsalar, don hanyoyin sayen tikiti sun kai huɗu, kuma ba dukkansu ne na Allah da Annabi ba.

Ni dai nawa zaɓin ba ɓoyayye ba ne, shafin hukumar wurin na intanet, wato Parco archeologico del Colosseo. Tikitin gama-gari yuro 18 ne, kuma ba Kolosiyum kaɗai ba, da shi za ka shiga Forum, tsohuwar tsakiyar birnin inda kasuwa da majalisa suke, ka kuma hau tudun Palatino inda sarakunan suka gina fadojinsu. Yana aiki awa 24. Akwai wani mai ɗan tsada da suke kira Full Experience, shi ne zai kai ka tsakiyar filin ko ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye dabbobin kafin a fito da su, in ka same shi ka saya kawai kar ka tsaya shawara, don shi ne yake fara ƙarewa. Suna sakin tikiti kwana 30 kafin ranar, saboda haka da zarar ka tsayar da ranar tafiya ka zauna da wayarka ka kama lokacin safe, kafin rana ta buɗe, don zafin Roma a watan Yuli da Agusta ba wasa ba ne ko ga wanda ya saba da na Sakkwato, kuma a Forum inuwa kaɗan ce. Wani abu da na fi so kuma, tun 2023 tikitin da sunanka yake fitowa, a ƙofa za su iya cewa ka nuna fasfo, don haka ka rubuta sunan yadda yake a fasfo ɗin, ba sunan da abokai ke kiranka ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya amma sai an yi musu rajistar shiga su ma.

Roma Pass kuwa, kati ne na kwanaki da ke haɗa bas da metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da wasu gidajen tarihi. Bai haɗa da Batikan, fadar Paparoma, ba, kuma duk da katin sai ka sake kama lokacin shiga Kolosiyum, to ina amfanin? Masu rakiya da bayani, wato gaid, in kana da kuɗi kuma kana jin turanci sosai babu laifi. Ranar Lahadin farko ta kowane wata shiga kyauta ce, amma layin sai ka tausaya wa kanka.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. In ka rubuta Colosseum tickets a Google, na saman nan da yawa talla ne, shafuka masu hoton ginin da launi mai kyau har da kalmar official, amma 'yan kayi-nayi ne. Wani irinsu ya taɓa karɓar mini kusan ninki uku na kuɗin, abin da ya ƙara mini kawai wata manhajar sauraren bayani ce a waya da ko buɗewa ba ta yi, kuma da na nemi a maido min kuɗi shiru kake ji. Ba ƙaramin abu ba ne, a 2025 hukumar kula da gasa a kasuwanci ta Italiya ta ci tarar wasu kamfanoni kusan yuro miliyan 20 saboda suna kwashe tikitin da na'ura su sake sayarwa da tsada. Ka duba farashi, in ka ga tikitin gama-gari ya wuce 18 da nisa to ba wurin ba ne.

A bakin ƙofa ma haka, da ka fito daga tashar metro ta Colosseo za su tare ka da kati rataye a wuya suna cewa skip the line, skip the line, wato wai za su tsallakar da kai layi. Ai wanda ya saya a shafin hukuma ma ba ya bin layin sayen tikiti, layin bincike ne kawai kuma wannan kowa sai ya bi, ko nawa ya biya. Sai masu ɗaura zare a hannu, wasunsu 'yan uwanmu ne baƙar fata, zai ce maka my brother daga ina, ya miƙo hannu kamar gaisuwa ya ɗaura maka awarwaro ya ce kyauta ne, kana juyawa ya ce a ba shi na abinci. Ka amsa gaisuwa da baki, hannunka na aljihu, ka wuce. Masu shigar sojan Rum da hular ƙarfe su ma kar ka ɗauki hoto da su, bayan hoton ne ake faɗin kuɗi.

Aljihu kuma a kula, musamman a metro da bas mai lamba 64 da ke tashi daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, zuwa wajen Batikan, ta yi suna wajen 'yan sane. Jaka a gaba, fasfo a ciki can. In ka sayi tikitin bas na takarda ka tabbata ka sa shi a injin ya buga, in ba haka ba tara ce ko da ka biya. Daga filin jirgin Fiumicino ko dai ka hau jirgin ƙasa Leonardo Express, minti 32 kana Termini, ko farar tasi mai lamba wadda kuɗinta zuwa tsakiyar gari a ƙayyade yake an rubuta a jikin ƙofa, duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa taxi taxi ka rabu da shi.

Ruwa ma kar ka saya a hannun masu yawo da gora a gaban Kolosiyum, akwai famfunan titi da suke kira nasoni ko'ina a gari, ruwan sanyi ne mai kyau kuma kyauta, ka tafi da gorarka ka dinga cikawa.