Sojojin ko-ta-kwana: lissafin wasa da lissafin tarihi

Wani ɗan'uwa a zauren nan, wanda yake buga Hearts of Iron IV, wasan kwamfuta kan Yaƙin Duniya na Biyu, daga Marwa, ya tambaya ko adadin mazajen da wasan ke nunawa a saman allo ya dace da yadda ƙasashe suka tara sojojin ko-ta-kwana a zahiri, kuma tsakaninsa da wani wasan kwamfutar mai suna Victoria 3 wanne ya fi kusa da gaskiya. Malam, a ganina Hearts of Iron IV bai yi nisa da tarihi ba wajen jimilla, amma ya kauce sosai wajen irin mutanen da ke cikin jimillar.

A Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox ya fitar a 2016, dokar ɗaukar soja ce ke yanke kason jama'ar da za a iya ɗiba: kashi 1.5 cikin ɗari idan 'yan sa-kai kaɗai ake karɓa, sai 2.5, sai 5, sai 10, sai 20, har zuwa 25 idan tura ta kai bango, kuma manyan matakan suna rage aikin masana'antu tare da tsawaita lokacin horo. Wannan ma'auni ba laifi. Jamus, mai mutane kusan miliyan 80, ta sa wa kimanin miliyan 18 kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Soviet kuwa ta haura miliyan 34.

Inda wasan ya rabu da tarihi shi ne, a wurinsa namiji namiji ne, ko ɗan shekara 20 ne da ya gama aikin soja bara, ko magidanci ne da bai taɓa riƙe bindiga ba. Hatsin da ke rumbu kuwa ba tuwo ba ne. Abin da hafsoshin wancan zamani ke kira sojan ko-ta-kwana shi ne mutumin da ya riga ya yi shekara biyu ko uku a bariki, aka sallame shi ya koma gona ko masana'anta, sunansa na cikin rajista, ya san barikin da zai kai kansa ranar da aka yi shela, kuma kakinsa da bindigarsa suna ajiye suna jiransa. Da irin waɗannan ne Faransa ta tara sama da mutum miliyan 3 cikin makonni kaɗan a watan Agustan 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda haka ne ma yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda aka ɗora wa Jamus bayan wannan yaƙin, ba ta tsaya ga ƙayyade sojojin Jamus zuwa 100,000 ba, sai da ta haramta aikin soja na dole, ta kuma wajabta wa kowane kurtu shekara 12, don kada a riƙa horar da samari ana sallamarsu su taru a gida. Da aka maido da aikin dole a 1935, sai Jamus ta tarar da mazan da aka haifa cikin shekaru fiye da goma a jere da ba su taɓa shiga bariki ba, ga ƙarancin saje da kofur da za su horar da su. Mai wasa yana cike wannan giɓi da sauya doka ɗaya.

Akasin haka ya faru a gabas. Soviet ta daɗe tana horar da samari tana sallama, shi ya sa ta kira fiye da mutum miliyan 5 kafin ƙarshen watan Yunin 1941, kwanaki kaɗan da fara harin Jamus. A ranar 11 ga Agusta, Janar Franz Halder, babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa na Jamus, ya rubuta cewa sun yi tsammanin manyan rundunoni kimanin 200, ga shi sun ƙirga 360. Jamusawa sun san yawan al'ummar Soviet. Abin da suka raina shi ne yawan horarrun da ke zaune a gida da saurin haɗa su.

Victoria 3, na 2022, ya fi kyau ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Sojan da ka kira mutum ne mai sana'a, idan ya tafi fagen daga gurbinsa a gona ko ma'adinai yana zama fanko, idan ya mutu kuma al'umma ta ragu ke nan. Wannan ita ce matsalar da ta sa Birtaniya rushe manyan rundunoni biyu, ta 59 da ta 50, a 1944 don cike gurbin sauran. Sai dai Victoria 3 ma bai bin mutane shekara-shekara, ga shi yana ƙarewa a 1936. Hearts of Iron IV ya fi shi wajen nuna cewa runduna ba ta tsayuwa sai da makamai da lokacin horo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasannin biyu ke mayar da ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ɗan ƙaramin kaso a lissafi. A nan yankinmu ba rajista ce ke kawo soja ba, hakimai da sarakuna ake ɗora wa adadi, mutane kuwa suna gudu daji ko su tsallaka iyaka, kuma tilasta ɗaukar soja na cikin abin da ya haddasa babban boren yankin Bolta da Bani (Burkina Faso da Mali na yau) a 1915 zuwa 1916. Bayan Gwamna Félix Éboué ya kai Chadi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agustan 1940, Kamaru ta bi washegari, Leclerc, wani kwamandan de Gaulle, ya kama Kufra da ke hamadar Libiya ranar 1 ga Maris 1941 da mutum kimanin 400 kacal, akasarinsu 'yan Afirka. Ba maza ne suka ƙare a Chadi ba. Motoci da man fetur da ruwan da za su ratsa da su hamada daga Faya ne suka yanke adadin. Haka ma Jamusawan da ke kan dutsen Mora a arewacin Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya: Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, su kuwa 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu sojojin Afirka, amma suka riƙe wurin har watan Fabrairun 1916, ba su miƙa wuya ba sai da sauran rundunarsu ta fice daga Kamaru zuwa yankin maƙwabta da Sifaniya ke mulka.