Ajin rawar da'ira na 'yan Scotland, ga yadda na same shi

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni, wai zai rage min gajiya da kaɗaicin hunturu, a wani ɗan zauren taro na unguwarmu ake yi duk Laraba da yamma, kuɗin shiga bai kai na kofi biyu ba. Yawanci tsofaffin mata ne, maza ɗaiɗaiku.

A tsakiyar ɗakin ake shimfiɗa ƙyalle a dasa kyandir da furanni, sai a kewaye a riƙe hannu, malamar ta nuna taku a hankali sannan ta kunna kiɗa. Babu mai kallo babu gasa, in ka ɓata taku na kusa da kai ne zai ja ka ku tafi, abin ya tuna min gaɗa a dandali sai dai su babu tafi babu shewa. Rawar da ta fi burge ni An Dro ce ta yankin Brittany a Faransa, da ƙaramin yatsa ake saƙalo juna hannuwa na lilo gaba da baya, wallahi kafin a gama kafaɗata ta yi tsami amma ban so a tsaya ba.

To amma maganar "Celtic", wato al'adun gargajiya na mutanen wurare irin su Scotland da Brittany, da suka cika fostar ajin da ita akwai ƙarin gishiri gaskiya. Yawancin raye-rayen na Girka ne da Bulgeriya, kuma ita kanta harkar ba wata daɗaɗɗiya ba ce, wani Bajamushe malamin rawa Bernhard Wosien ne ya kawo ta Findhorn a arewacin Scotland a 1976. Abin da ya rage na Celtic ɗin shi ne bin kalandar bukukuwansu, Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane 1 ga Mayu, Samhain ƙarshen Oktoba, lokacin sai surutu ya fi rawa yawa, a rufe ido a yi ta maganar ƙasa da kakanni. Nan ni dai gefe nake komawa, addinina ban haɗa shi da komai ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaure min fuska. Batun riƙe hannun namiji ma tun farko na faɗa wa malamar, kullum tsakanin mata biyu take sa ni.

Na ba su tauraro huɗu cikin biyar. In za ki je ki tafi da safa mai kauri don ana cire takalmi kuma daɓen katakon sanyi kamar me, sannan shayinsu ruwa-ruwa ne, ki riƙo naki a fulas.