Tsibiran Girka ko na Kabo Berde: amsa ga Alhaji kan zaman wata uku cikin jirgin ruwa

Assalamu alaikum. Alhaji, a zaman ƙungiyarmu na ranar Asabar a nan Yamai ka kawo maganar ɗanka da ke aiki a Marsai ta ƙasar Faransa, wanda shi da abokinsa suka mallaki jirgin ruwa mai filafilai mai tsawon mita 12, ya kuma gayyace ka ka yi watannin Yuni, Yuli da Agusta tare da su a cikin jirgin kuna zagayen tsibirai. Ka ce an ba ka zaɓi tsakanin tsibiran Girka da ke Bahar Rum da tsibiran Kabo Berde haɗe da gaɓar Senegal, kuma zuciyarka ta fi karkata ga na biyun saboda kusancinsu da gida. Hayaniyar zaman ba ta bar ni na amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta, tun da na taɓa yin mako uku cikin irin wannan jirgi a yammacin Girka, na kuma sauka a Mindelo, birnin tashar jiragen ruwa na Kabo Berde, a wata tafiyar aiki.

Watannin da aka gayyace ka su ne suka yanke hukuncin tun kafin a zo ga sauran lissafi. Lokacin da Turawa suke kira lokacin zafi, suke fita hutu, shi ne daminarmu, kuma daminar da ke jiƙa gonakin gero a Tawa ita ce ke sauka a kudancin gaɓar Senegal da Gine Bisau da ƙarfin da ya ninka namu, da hadari mai tasowa farat ɗaya da iska a gabansa. Ka san yadda guguwar farkon damina take ɗage rufin kwano a unguwanninmu, to ka ƙaddara tana samunka a tsakiyar ruwa da filafilai a buɗe. Waɗannan hadura da ke ratsa ƙasarmu suna nufar yamma su ne wasunsu suke rikiɗa su zama manyan guguwowin Tekun Atlantika a kusa da Kabo Berde cikin Agusta da Satumba, kuma a ƙarshen Agustan 2015 guguwar da aka laƙaba wa suna Fred ta afka wa tsibiran kansu. Masu jirage suna zuwa wannan yanki ne daga Nuwamba zuwa wajen Mayu, lokacin da iskar arewa maso gabas take kaɗawa a kan ƙa'ida, ko da yake a tsakiyar hunturu hazon da muka sani yana bin su har can ya rufe musu gani. A Girka kuwa watannin nan uku su ne na rani, ruwan sama ba ya cika sauka, zafin rana yana yawo a wajen digiri 30 zuwa sama kaɗan, abin da ba zai dami mutumin da ya saba da Afrilun Yamai ba.

Sai dai Girka ɗin ma ba ɗaya ba ce, kuma a nan nake so ka ja kunnen yaran. Ƙasar tana da tsibirai manya da ƙanana wajen 6,000, waɗanda mutane suke zaune a kansu ba su kai 250 ba, kuma sun kasu gabas da yamma. Na gabas, a tekun Eje, su ne irin su Naksos, Paros, Mikonos da Santorini, masu fararen gidajen da ake gani a hotuna, amma a Yuli da Agusta wata iskar arewa da suke kira meltemi takan taso ta yi kwana uku ko biyar ba ta kwanta ba, ta tsare ƙananan jirage a tasha, wanda ya yi gangancin fita kuma ya sha jijjiga. Na yamma, a tekun Iyoniya, su ne Korfu, Paksos, Lefkada, Itaka, Kefaloniya da Zakintos, inda safiya takan waye ruwa a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, iska ta taso bayan azahar daga arewa maso yamma, ta kai ku inda za ku, ta faɗi da magariba. Matasa za su so gabas domin suna neman iskar da za su gwada ƙwanjinsu, amma kai da ba ka taɓa wuce kwalekwalen ƙauyen Bubon da ke kusa da Yamai ba, yamma ce taka.

Batun nisa ma yana tare da Girka. Irin wannan jirgi yana tafiyar mil 5 zuwa 6 na teku a awa, mil ɗaya na teku kuwa mita 1,852 ne, wato kusan kilomita 9 zuwa 11 a awa, saurin mai keke da ba ya gaggawa. A tekun Iyoniya tsakanin tsibiri da tsibiri tafiyar awa biyu zuwa biyar ce, tudu yana gabanku a kowane lokaci, kuma kowace yamma kuna iya kwana a wani lungu da duwatsu suka kare ko a bakin wani ƙauye. Kabo Berde tsibirai 10 ne, 9 daga ciki da mutane, suna kimanin kilomita 570 yamma da Dakar a tsakiyar teku tsagwaronta, babu wata ƙasa da ta tare musu raƙuman ruwa. In ka cire tsallaken da ke tsakanin Sawo Bisente da Santo Antawo, wanda gajere ne, wasu tafiye-tafiyen sai an kwana a hanya ana karɓa-karɓar gadi, wuraren fakewa kaɗan ne, tashar da aka tanada sosai domin irin waɗannan jirage kuma ita ce ta Mindelo. Kai jirgin can ma aiki ne, domin daga Marsai sai an fita ta mashigin Jibralta, a gangara tsibiran Kanari, daga nan a yi fiye da mil 800 na teku, kusan mako guda ba a ga tudu ba. Dawowa ta fi wuya saboda iska tana fuskantar mai komawa arewa, shi ya sa yawancin jiragen da suka isa Mindelo suke zarcewa Karibiyan maimakon su juyo.

Na san abin da ya ja hankalinka shi ne gaɓar Senegal da abin da ke kudu da ita, kuma ban ga laifinka ba. Bakin kogin Salum, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011, da tsibiran Bijagos 88 na Gine Bisau, inda dorinar tsibirin Orango take shiga ruwan gishiri, wurare ne da ba su da na biyu. Amma a can teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini da bambancin da a Bijagos yakan kai mitoci da yawa, tarin yashi yana sauya wuri, jirgin da ke da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa wanda ya nutse kusan mita 2 yana iya kafewa a inda ya wuce lafiya da safe. Ga sauro da zazzaɓin cizonsa a cikin damina. Bahar Rum ba ta da wannan cikowa da janyewa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Zaman cikin jirgin kansa ɗaya ne ko ina aka je, kuma ya kamata ka san shi tun daga nan. Ɗakin kwana bai fi girman gadon da ke cikinsa ba, banɗaki kamar akwati ne, tankin ruwan daɗi lita ɗari uku zuwa biyar ne ga mutum uku ko huɗu, saboda haka wanka da buta ɗaya ne, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin shi ne a Girka kusan kowane gari yana da famfo a bakin tasha ko motar da ke sayar da ruwa, alhali Kabo Berde ƙasar fari ce da take tace ruwan teku kafin ta sha, ruwa yana da daraja a can. A makona na biyu a Girka, anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ta saki da tsakar dare a wani lungu kusa da Itaka, muka farka jirgi yana jan jiki zuwa duwatsu, muka tayar da inji a cikin duhu muka sake jefa ta. Da gari ya waye muka shiga ƙauyen da ke kusa muka huta, kuma wannan kusancin mafaka shi ne abin da nake auna wuraren biyu da shi.

Game da ibada, an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan alwala da ruwan teku, ya amsa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, saboda haka alwala ba za ta ci maka ruwan tanki ba. Alƙibla ce take buƙatar lura, domin jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, sai ka duba kamfas kafin ka tayar da kabbara. Ka kuma shirya wa doguwar rana, domin a Korfu cikin Yuni magariba tana kaiwa wajen ƙarfe 9. A abinci da masallaci Senegal ta yi wa sauran fintinkau, ga shinkafa da kifi, ga kiran salla ta kowace kusurwa. Girka da Kabo Berde duka ƙasashen Kiristoci ne, naman alade yana shiga girkinsu, har cikin kacupa, abincin masara da wake da ƴan Kabo Berde suke ji da shi, don haka kifi da kayan lambu da girkin cikin jirgi su ne mafita a duka biyun.

Inda Afirka ta yi nasara a fili shi ne takardu da aljihu. Senegal da Gine Bisau sefarmu suke kashewa, faransanci kuma yana yi maka aiki a Dakar da Salum. Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuɗin bizarta Yuro 90 ne tun 2024, wato kimanin sefa 59,000 a kan canjin 655.957, ban da inshorar lafiya da ake sharɗantawa, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 neman bizar Turai daga nan ya ƙara tsawo. Akwai wani lissafi da ya kamata ɗanka ya yi: bizar tana ba da kwana 90 ne a cikin kowane 180, daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta kuwa kwana 92 ne, kwana biyun nan sun isa su ɓata maka fasfo. Ta ɓangaren Kabo Berde ma, tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, a Janairun 2025, sai ka nemi sharuɗɗan shiga a rubuce kafin ka sayi tikiti. Tsadar kwana a tasha da cin abinci a waje ta fi yawa a Girka, musamman a Agusta da Turai duka take kwararowa, amma kwana a kan anka a lungu ba a biyan kuɗin tasha.

Shawarata ita ce ka karɓi gayyatar a tekun Iyoniya, ka bar su su kai jirgin daga Marsai su kaɗai, kai ka same su a Korfu ko Lefkada ta jirgin sama. Kada ka ɗaure kanka da wata uku tun farko, ka sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa, ka ga yadda cikinka zai yi da jiri a makon farko, domin yawanci yakan lafa bayan kwana biyu ko uku amma akwai waɗanda ba ya saki. Salum da Mindelo ka ajiye su sai wani Disamba, in Allah ya kai mu, ka je Dakar ka hau jirgin da ya riga yana can. Kafin tafiyar kuma ka gaya wa yaron ya tanadar maka rigar kariya daga nutsewa daidai jikinka, ka kuma samu wanda zai koya maka iyo a nan Yamai, domin na tuna ranar da muka tsallaka kogin Isa, wato Kwara, zuwa ɗaurin aure, hannunka bai saki bakin kwalekwale ba har muka taka tudu.