Sharhi kan ziyarar yini guda zuwa Tibis da filin Liyuktira

Daga cikin hidimomin jagorar baƙi da ake samu a birnin Atina na ƙasar Girka, kaɗan ne suke kai mutum Tibis, babban garin yankin Boyotiya, duk da cewa tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 90 ba. Wannan ziyara da wani ƙaramin kamfani yake shiryawa ta ƙunshi mota, da ɗan jagora, da shiga gidan kayan tarihi na garin wanda aka sake buɗewa a 2016, sannan a tsaya a Liyuktira, inda dakarun Boyotiya ƙarƙashin kwamandansu Epaminondas suka karya lagon daular Sparta a shekara ta 371 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da ya sa kuɗin ziyarar ya halatta shi ne bayanin da ɗan jagoran ya yi kan yadda garuruwan Boyotiya suka haɗu a tarayya guda bayan sun ci Atina da yaƙi a Koroniya a 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An raba ƙasar gundumomi 11, kowace gunduma tana ba da shugaba ɗaya da wakilai 60 a majalisar tarayya mai mutum 660, tare da sojojin ƙasa kimanin 1,000 da mahaya 100, kuma a kan wannan rabo ake biyan haraji, a naɗa alƙalai. Ya nuna mana hotunan sulallan azurfa na garuruwa dabam-dabam, dukkansu ɗauke da hoton garkuwa iri ɗaya, ya ce kowane gari ya riƙe majalisarsa ta cikin gida, amma batun yaƙi da sulhu ya koma hannun tarayya. Ban taɓa jin an warware wannan tsari dalla-dalla haka ba.

Inda nake da ja da shi shi ne yadda ya kwatanta tarayyar kamar zaman 'yan uwa daidai wa daida. Bayan rushe garin Platiya a 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Tibis ita kaɗai ta riƙe gundumomi 4 cikin 11, majalisar kuma a kan tudunta na Kadmiya take zama, sannan daga baya, a 364, ta ragargaza garin Orkomenos, wanda shi ma a ƙasar Boyotiya yake. Sai da wani daga cikinmu ya yi tambaya kafin ya ambaci waɗannan, ya kuma bi ta kan rushewar tarayyar a 386 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a gurguje.

Motar tana da tsabta, an kuma tashi kan lokaci, sai dai lokacin da aka ware wa gidan tarihin ya yi kaɗan matuƙa idan aka dubi yawan kayan da ke ciki, tun daga allunan yumɓu masu rubutun zamanin Maisini, wata tsohuwar wayewar Girka, har zuwa hasumiyar ƙarni na 13 miladiyya da ke harabar. Liyuktira gonaki ne da ginin tunawa guda ɗaya, babu inuwa, don haka a tafi da ruwa da malafa. Ziyarar ta dace da ɗaliban tarihi da na kimiyyar siyasa, amma iyali masu ƙananan yara za su gaji tun kafin azahar.