Daushe ko Sabon Goro: Amsa ga Mai Shirin Ɗaurin Aure

Alhaji, ka tambaya wanne ya kamata ka saya don ɗaurin auren ɗiyarka, sabon goro ko daushe, kuma me ya sa 'yan goro na babbar kasuwar Maraɗi suke tsuga wa daushe kuɗi alhali itace ɗaya ne ya haife su. Allah ya sanya alheri.

Da farko a sani cewa goron da muke ci ba ya fita a ƙasarmu, daga kurmi yake zuwa: yankin Shagamu a kudancin Najeriya, da Gana, wadda kakanninmu fatake suke kira Gwanja saboda kasuwar Salaga, da kuma Kwaddibuwa. Babban girbinsa yana kamawa wajen watan Oktoba zuwa Disamba, kuma wanda aka ɓoye daga wancan girbi har sabo ya riske shi, shi ne daushe.

Sabon goro yana da kyan gani, fatarsa sumul tana sheƙi, ga nauyi a hannu domin ruwa ya cika shi. Amma idan ka ɓara shi ka kai baki, ɗaci da bauri ne za su fara tarbarka, na farkon kaka kuwa, wato gandi, har yauƙi yake yi, kuma tukarsa ba ta wanke baki. Daushe ya sha bamban. Watannin da ya yi cikin huhu, wato ƙunshin da ake ajiye goro a ciki, sun rage masa ruwa, ƙwayar ta tsuke, idan ka ɓara sai ka ji ta ce ƙas, a baki kuma garas-garas take ba tare da yauƙi ba. Ɗacinsa gajere ne, yana wucewa sai zaƙi ya biyo baya, musamman idan aka kurɓi ruwa a kai, kuma wannan zaƙin na ƙarshe shi ne abin da masu cin goro na gaske suke biya.

Tsadar daushe kuɗin wahala ce da asara. Mai ajiya yana kwance huhu lokaci-lokaci, ya canza ganyen fita, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado don kada iskar hunturu ta busar da kayan, ya tsince duk wanda sankara, wato ɓarnar ƙwaron goro, ta taɓa kafin ta bazu. Abin da ya tsira bayan wata shida ko fiye bai kai abin da aka zuba ba. Saboda haka daɗewa kaɗai ba ta mai da goro daushe mai kyau, kuma na bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba, tun da damina da hannun mai ajiya suna canzawa. Wasu kuma suna zuba maganin ƙwari don gudun sankara, abin da yake damuna ƙwarai, domin goro ba a dafa shi, daga hannu sai baki.

A ra'ayina, na rabon jama'a ka sayi sabo mai kyau wanda ya ɗan kwana biyu, tun da yawa ake bukata kuma ido ne yake fara ci. Na liman da waliyyai da dattawan dangin ango kuwa, ka nemi ƙwarya ɗaya ko biyu ta daushe marsa, wato manyan ƙwayoyi, farare idan hali ya yi. Kada ka biya sai ka sa hannu cikin tsakiyar huhun ka zaro uku da kanka, ka ɓara, ka duba ko akwai ɗigon baƙi ko ƙaramin rami, ka sansana ko da warin magani, sannan ka tauna ɗaya ka jira zaƙin ya zo kafin a yi ciniki.