Maleƙin milimita 25 ko na 6 don kallon rana? Ɗauki na 25

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wane maleƙi, wato ɗan gilashin da ake sa ido a kai a na'urar hangen nesa, ya fi dacewa da kallon rana. Tsakanin maleƙi samfurin Plössl mai milimita 25 da mai milimita 6 da mai shago yake ta yaba maka, ɗauki na 25. Duka biyun ina da su a nan Gusau, amma na 25 ne kullum a bakin na'urata.

Lissafin ba wuya. Ka raba tsawon tattara haske na na'urar hangen nesanka (focal length, wato nisan da haske yake tafiya daga babban gilashinta ko madubinta kafin ya haɗu wuri ɗaya) da lambar maleƙin. Tawa milimita 900 ce, irin taka, don haka na 25 yana girmama abu sau 36. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, shi kuwa wannan maleƙin yana buɗe maka fili da ya kusa digiri ɗaya da rabi. Sai ka ga rana cur ɗinta, zagaye kamar faifai, da sarari a gefe-gefe.

Da shi na kalli babban tarin baƙaƙen tabon nan da ya fito a fuskar rana a watan Mayun 2024, lokacin da zagayen ƙaruwa da raguwar tabonta na shekara 11 yake kan ganiya. Wajen ƙarfe 8 na safe na kafa na'ura a ƙofar gida, sai wani dattijo maƙwabcina ya tsaya. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ashe ita ma tana da tabo." Daga nan ya shiga ba ni labarin kusufin 29 ga Maris 2006, yadda gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, jama'a suka cika masallatai. Kwana huɗu yana dawowa, muna ganin tabon yana matsawa gefe a hankali, saboda rana tana juyawa a kanta, kimanin kwana 27 kafin fuska ɗaya ta sake fuskantar mu. Da tabarau a idonsa ya yi duk wannan kallon, bai cire ba, domin na 25 ba sai ka manna ido a jikinsa ba.

Na 6 kam na yi da-na-sanin kuɗina. Sau 150 yake girmamawa, rana ba ta shiga gaba ɗaya, kuma da kwanon rufi ya ɗauki zafi sai hoton ya yi ta rawa kamar ruwa a kan wuta. Wataƙila ya yi maka amfani a kan wata da daddare.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa, don ya fi zaɓen maleƙi muhimmanci. Akwai 'yan kasuwar da za su haɗa maka da wani ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gindin maleƙi, su rantse maka cewa na kallon rana ne. Don Allah kada ka karɓa, ko kyauta ne. A daidai wurin duk zafin da na'ura ta tattaro yake haɗuwa, gilashin yana iya tsagewa farat ɗaya, idon da ya ƙone kuwa ba ya dawowa. Matacin haske a gaban na'ura ake sa shi, ya rufe bakinta ruf. Ni na Baader AstroSolar nake amfani da shi, wanda ba ya barin haske ya wuce sai kashi 1 cikin 100,000. Gilashin masu walda, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙi, babu wanda ya isa ya tsare ido a bayan na'ura. Kafin kusufin 2 ga Agusta 2027, wanda za mu ga wani sashensa a nan Arewa, za ka ga irin waɗannan kayan sun cika kasuwa, da kwalaye masu alkawarin girmamawa sau 500.

Kuɗin da za ka zuba a na 6, ƙara a kai ka sayi mataci na ƙwarai. Duk safiyar da za ka fita, ɗaga shi sama ka duba ko ya huje, ka ɗaure shi da salatif kada iska ta cire shi. Ɗan ƙaramin madubin saiti da ke saman na'urar ma rufe shi, musamman in akwai yara kusa. Da inuwar na'urar a ƙasa za ka yi saiti: in ta tsuke ta zama zagaye, rana ta shigo.